Da zarar na haɗa magana biyu, sai Turancina ya warware: ku taimaka min

Maman Iman, Unguwar Rogo, Jos

Assalamu alaikum iyayena da yayyena da ƙannena. Ya sanyi? Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai buƙata ta kawo ni.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki. Na gama sakandare a 2009, shekara na zagayowa aka yi min aure. Takardata ta yi kyau a darussan kimiyya, Turanci ne kawai ya tsaya a D7. Na sake zama bayan na haifi ɗana na biyu, D7 ɗin ya sake fitowa. Yanzu autana ya shiga firamare, maigidana ya amince in nemi makarantar koyon aikin ungozoma, kuma kowa ya san ba za a kalli takardar mutum ba in babu kiredit a Turanci. Shi ya sa na yanki fom ɗin WAEC ta waje, na shiga lesin na yamma.

Makon jiya malaminmu ya sa mu rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma a kan matsalar ruwa. Wannan kuwa ba sai na ƙirƙira ba, a cikinta nake kwana nake tashi. Na zauna bayan isha'i na rubuta har sha ɗayan dare. Da takardar ta dawo, jan biro ya kusa fin baƙin yawa. Ga jimloli biyar da ya zagaye:

1. Although the government dug a borehole for us, but the water is not enough.
2. The woman that I bought water from her increased the price.
3. We don't know when will the tanker come.
4. When the rain will start, our suffering will reduce.
5. Because our children go to school late.

A gefen kowacce ya rubuta kalma biyu: subordinate clause. Ya yi bayani a aji, amma da Turanci ya yi, mu kusan arba'in ne, ga magariba ta kawo jiki. Ban kama komai ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, in jimla gajera ce ba na kuskure. "The water is not enough" zan rubuta lafiya lau. Da zarar na ce zan haɗa magana biyu su zama ɗaya, sai abin ya warware kamar ɗinkin da ba a ƙulle bakin zarensa ba. Kuma na karanta jimlolin nan ya fi sau goma, kunnena bai ji aibin ko ɗaya ba.

Sai kuma tambayar nan da ba ta fashi a tsofaffin takardun jarrabawa, inda za a ciro wasu kalmomi daga cikin labari a ce: What grammatical name is given to this expression? What is its function? Ni dai canka nake yi. Don Allah wanda zai iya, ya warware min da Hausa.

Tsohon Malami, Gangare

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi albarka, ya sa wannan zaman shi ne na ƙarshe. Shekara 31 na yi ina koyar da Turanci a makarantun sakandare na jihar Filato kafin in ajiye alli, kuma irin jimlolin nan naki na gyara su ba adadi.

Ki fara sanin cewa kunnenki bai yi miki ƙarya ba. Yawancin abin da kika rubuta Hausa ce lafiyayya, kin dai ɗinka mata rigar Turanci. Shi ya sa ba ki ji aibi ba. Ba wai ba ki san abin ba ne. Kin san shi tun kina yarinya, wuraren da harsunan biyu suka raba hanya ne suke kayar da ke, kuma ba su da yawa.

Abin da Bature ke kira clause, masana nahawun Hausa suna ce masa ganga. Ganga ita ce tarin kalmomin da ke ɗauke da mai yin aiki da kuma aikin da ya yi, wato aikau da aikatau. "Ruwa ya ɗauke" ganga ce, kuma tsayayya ce: kin faɗa, kin yi shiru, kowa ya gamsu. To sa mata "da" a gaba, ki ce "da ruwa ya ɗauke". Mai yi yana nan, aiki yana nan, amma duk wanda ke ɗakin zai zuba miki ido yana jiran ƙarashe. Wannan ita ce ganga dogarau, ita malaminku yake nufi. Gwajin da nake ba ɗalibaina ke nan: shiga ɗaki, faɗi maganar, yi shiru. In aka ce maka "ina jin ka" ko "sai aka yi yaya?", to dogarau ce.

Kalmomin da ke mayar da tsayayya ta zama dogarau a Turanci su ne irin su because, although, when, if, unless, until, since, while, after, before, that, who, which, whose. Duk inda kika sa ɗaya daga cikinsu a gaban magana, kin ɗauki bashi, dole ki biya da ganga tsayayya kafin ki ɗiga aya.

Jimlarki ta biyar bashin nan ne ba a biya ba. "Saboda yaranmu suna makara zuwa makaranta." To sai me? A baki ba laifi ba ne. In an tambaye ki "Why are you worried?" kika ce "Because our children go to school late", kin yi daidai, domin tambayar ta riga ta riƙe miki tsayayyar. A wasiƙa babu mai tambaya, ke kaɗai ce. Sai ki rubuta: We are worried because our children go to school late. Kuma kada wani ya ce miki ba a fara jimla da because. Ana farawa. Because our children go to school late, they miss the first lesson. Malamai suna hana yara ne don gudun irin abin da ya faru da ke, har hanin ya koma kamar doka.

Ta farko kuwa ita ce wadda na fi gani a hannun Bahaushe. Mu muna cewa, "Ko da yake gwamnati ta haƙa mana rijiyar burtsatse, amma ruwan ba ya isa." Wannan "amma" ba ta ɓata komai ba, armashi ma ta ƙara. A Turanci although aikinta ta mayar da ganga ta zama dogarau, but kuma aikinta ta haɗa abu biyu masu matsayi ɗaya. In kika kawo su tare, ta farko ta jingina, ta biyu tana neman wadda za ta jera da ita, ba a bar wadda za ta ɗauki nauyin jimlar ba. Ki zaɓi ɗaya. Ko ki ce Although the government dug a borehole for us, the water is not enough, ko ki ce The government dug a borehole for us, but the water is not enough. Haka because da so, ba sa zama a jimla ɗaya ta wannan hanyar.

Ta biyu tana buƙatar natsuwa. "Matar da na sayi ruwa a wurinta." Cire "ta" ɗin ƙarshe ki ji: "matar da na sayi ruwa a wurin". Magana ta gurgunce. Hausa tana son a sake waiwayar matar da ɗan wakilin suna. Turanci ba ya so, domin a wurinsa that ko whom ta riga ta tsaya a madadin matar, in kika ƙara her kin ambace ta sau biyu a gurbi ɗaya. Hanya uku gare ki. The woman that I bought water from increased the price. Ko ki jefar da that gaba ɗaya: The woman I bought water from increased the price. Ko ta manyan wasiƙu: The woman from whom I bought water increased the price. Dukkansu daidai ne. Sai dai jefarwar nan ba ko'ina ake yi ba. In matar ce ke yin aikin, kamar The woman who sells water is my neighbour, who ba ta ciruwa.

'Yar'uwar wannan matsalar ita ce ta mallaka. Muna cewa "mutumin da motarsa ta lalace", sai ɗalibi ya rubuta the man that his car broke down. Bature ya dunƙule "da" da "sa" a kalma ɗaya, whose: the man whose car broke down.

An kira la'asar. Zan dawo kan ta uku da ta huɗu in Allah ya so.

Ɗalibar Harshe, Bauchi Road

Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Ku yi min izini in taɓa ta uku da ta huɗu kafin ku dawo, in na yi kuskure ku gyara min. Ina aji uku a jami'a, kimiyyar harshe nake karantawa, kuma wannan wurin yana burge ni ƙwarai.

Anti, ki lura da abin da bakinki ke yi ba tare da kin sani ba. Tambaya ita ce, "Yaushe tanka za ta zo?" In za ki cusa ta cikin wata jimla ba kya cewa "ba mu san yaushe" a rubutu mai kyau, cewa kike "ba mu san lokacin da tanka za ta zo ba". "Ina" takan koma "inda". "Yaya" ta koma "yadda". "Wa" ta koma "wanda", "me" ta koma "abin da". Wato Hausa kalmar take sauyawa don ta nuna cewa tambaya ta daina zama tambaya. Turanci ba ya taɓa kalmar, when tana nan when, where tana nan where. Jerin kalmomin yake sauyawa. A tambaya, will takan tsallako gaban mai yi: When will the tanker come? Da zarar ta shiga cikin wata jimla, kowa ya koma mazauninsa: We don't know when the tanker will come. In akwai do ko does ko did, ɓacewa suke yi. Where does she live? ya koma I know where she lives. Ko da babbar jimlar tambaya ce, ta cikin ba ta juyawa: Can you tell me where the clinic is? ba where is the clinic ba.

Ta huɗu kuma gyaranta: When the rain starts, our suffering will reduce. In ganga dogarau tana nuna lokaci ko sharaɗi, wato bayan when, if, before, after, until, unless, as soon as, ba a sa mata will ko da abin bai faru ba tukuna. Mu ma haka muke yi. Ba ma cewa "idan ruwa zai sauka wahalarmu za ta ragu". Cewa muke "idan ruwa ya sauka". In kika ce "idan ruwa zai sauka" ma'anar ta koma wani abu, kamar "idan ruwa zai sauka, garin yakan yi zafi". Harsunan biyu duk sun guje wa lokaci na gaba a nan. Mu mun ɗauki siffar abin da ya wuce, su sun ɗauki ta yanzu. Shi ya sa wasu ɗalibai suke faɗawa ɗaya ramin, su rubuta If he came tomorrow, I will tell him, domin "idan ya zo" ke kansu. Comes ne daidai.

Na san abin da za ki tambaya, domin ni ma ya taɓa rikita ni. A ta uku an bar when the tanker will come, ga when ga will, an ce daidai. A ta huɗu an ce when da will ba sa haɗuwa. Dalili shi ne aikinsu ba ɗaya ba ne. A ta uku, gangar ita ce abin da ba mu sani ba, tana zaune a gurbin suna. A ta huɗu tana gaya mana yaushe wahala za ta ragu. Ki mayar da ita Hausa a ranki: in when ɗin ta fito a "idan", kada ki sa will. In ta fito a "lokacin da za", bayan kalmomi irin su know, tell, ask, sa abinki.

Abu ɗaya kuma don ki ƙara yarda da kanki. Hausa ta fi Turanci nuna ganga dogarau a fili. "Yara sun zo", amma "yaran da suka zo". "Tana sayar da ruwa", amma "matar da take sayar da ruwa". Ba wanda ya zaunar da ke ya koya miki cewa "sun" takan koma "suka", "tana" ta koma "take". A nan Jos za ki ji wasu maƙwabtanmu da suka koyi Hausa daga baya suna cewa "yaran da sun zo". Kin fahimce su sarai, ba kuma abin raini ba ne, amma kunnenki ya ji wani abu ya goce. To haka mai duba jarrabawa yake ji in ya karanta when will the tanker come a tsakiyar jimla.

Abban Sadiq, Nyanya, Abuja

Hajiya, Allah ya ba da sa'a. Ni haifaffen Dilimi ne, aiki ya kawo ni Abuja, shekara 14 ke nan ina rubuta takardun ofis. Ban kai Malam sanin nahawu ba, amma akwai abu ɗaya da ya taɓa ƙona ni, zan so ki kiyaye shi: waƙafi.

An taɓa ba ni in rubuta sanarwa cewa ma'aikatan da ba su miƙa fom ɗin tantancewa ba, ba za a biya su alawus ba. Na rubuta: Officers, who have not submitted their forms, will not be paid. Ni a tunanina waƙafin wurin shan iska ne kawai. Aka manna a allo. Kafin azahar wani dattijo da ya kusa ritaya ya same ni da takardar a hannu, ya ce, "Ɗana, ka san abin da ka rubuta? Ka ce dukkan ma'aikata ba su miƙa fom ba, kuma dukkansu ba za a biya su ba." Ya sa yatsa ya rufe abin da ke tsakanin waƙafi biyun, ya ce in karanta saura. Officers will not be paid. Jikina ya yi sanyi.

Abin da ya koya min ran nan: in gangar ita ce ke tantance su wa ake nufi, ba a sa mata waƙafi. Officers who have not submitted their forms will not be paid, wato waɗanda ba su miƙa ba kaɗai. In kuma an riga an san wanda ake nufi, ƙarin bayani ne kawai, sai a killace ta da waƙafi. Jos, which is the capital of Plateau State, is cold in December. Jos ɗaya ce, ba a buƙatar tantance wacce. Kuma a irin wannan mai waƙafin ba a sa that, sai who ko which.

Shawarata a jarrabawa: ki rage dogayen jimloli. Kin ce gajeru ba sa ba ki wahala, to ki tsaya a kansu. Kowane kuskure maki yake ci. Gara ki kai gida da kaya kaɗan da ki ɗauki da yawa su zube a hanya.

Tsohon Malami, Gangare

Na dawo na tarar an yi min aikin. 'Yata ɗaliba, ba ni da abin gyarawa, gwajin nan na "idan" ma ban taɓa amfani da shi a aji ba, da na san shi da ya sauƙaƙa min shekaru.

Abban Sadiq, maganarka ta waƙafi gaskiya ce. Misalin da nake ba manyan ɗalibai shi ne na mai iyali. My wife who lives in Bukuru is a nurse: mai wannan magana yana da mata fiye da ɗaya, yana tantance ta Bukuru. My wife, who lives in Bukuru, is a nurse: matarsa ɗaya. A ƙasarmu wannan bambanci ba ƙarami ba ne, musamman a takardar gado ko ta magaji a wurin aiki. Ƙari a kan haka, in dogarau ta zo a farkon jimla ana bin ta da waƙafi, in ta zo a ƙarshe yawanci ba a sawa.

Amma shawararka ta biyu ban bi ka duka ba. Mai duba insha'i ba kuskure kaɗai yake farauta ba, yana ba da maki mai tsoka a kan yadda aka sarrafa harshe. Wasiƙar da ta tashi daga farko har ƙarshe da "The water is not enough. The price is high. The children are late" ba ta nuna cewa tsadar ce ta jawo makarar ba, ko ƙarancin ne ya jawo tsadar. Dalili da sharaɗi da lokaci duk a cikin ganga dogarau suke zaune, kuma wasiƙar koke dalili ce tsantsa. Sannan wadda za ta zama ungozoma, gobe za ta rubuta cewa a kira likita if the bleeding does not stop. Ba ta da hanyar kauce wa if. Inda na yarda da kai shi ne kada ta jera dogarau uku huɗu a jimla ɗaya. Tsayayya ɗaya, dogarau ɗaya, ya wadatar.

Yanzu tambayar da kike canka, Maman Iman. Ganga dogarau aiki uku take yi, kuma sunanta daga aikinta yake fitowa, ba daga kalmar da ta fara da ita ba. Nan ne ɗalibai suke faɗuwa, su haddace cewa where ta wuri ce, su rubuta adverbial ido rufe. Dubi kalmomi uku ɗin nan, where she lives, a wuri uku.

I know where she lives. Me na sani? Cire gangar ki sa it ko something: I know something. Jimla ta zauna. Duk gangar da it ko something za ta iya maye gurbinta, aikin suna take yi. Amsa: noun clause. Aikinta: object of the verb "know". In a farko ta zo, kamar What she said is true, sai ki ce subject of the verb "is". Muna da irinta a karin magana: "Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi." Wa zai riga ka tashi? Duk tarin kalmomin farkon nan, su ne mai yin aikin.

This is the house where she lives. Yanzu akwai suna a gabanta dab da ita, house, kuma gangar tana amsa "wane gida?" Amsa: adjectival clause, ko relative clause, duk ana karɓa. Aikinta: it qualifies the noun "house".

They dug the borehole where she lives. In nufin shi ne a nan aka yi haƙan, to gangar tana gaya mana inda aikin ya faru. Amsa: adverbial clause of place. Aikinta: it modifies the verb "dug". Ita wannan mai bayanin aiki ita ce mai 'ya'ya da yawa: ta lokaci, ta wuri, ta dalili, ta sharaɗi, ta manufa, ta sakamako, da ta "ko da yake" wadda suke kira concession. "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa": rabin farko ta sharaɗi ce. Alamarta mai sauƙi, sau da yawa za ki iya ɗauke ta daga ƙarshe ki kai farko jimla ba ta lalace ba.

Kada ki taɓa rubuta "it modifies the verb" ki yi shiru. Ambaci kalmar, ki sa ta cikin alamar zance. Na ga yara da yawa sun san amsa sun rasa makin saboda wannan. Kuma ki koma cikin labarin ki karanta jimlar gaba ɗaya, domin kalmar da ake bayani a kanta tana waje da abin da aka ciro miki.

Kafin duk wannan, ki fara tambayar kanki: clause ce ko phrase? Nemi aikatau mai nuna lokaci tare da mai yinsa. After the rain babu aikatau, phrase ce. After the rain stopped akwai, clause ce. After fetching water kuwa, 'yan jami'a suna da sunan da suke ba ta a cikin gangogi, ɗalibarmu za ta shaida, amma a sakandare an saba kiranta phrase, ki tsaya a nan.

Maman Iman, Unguwar Rogo, Jos

Baba Malam, ƙanwata, Abban Sadiq, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabata. Jiya na ajiye keke tun la'asar na kwafe duk bayanin nan a littafina. Na ɗauko takardun shekaru uku na gwada tambayar sunan nan, ina sa something ina cirewa. Biyu na samu, ɗaya na faɗi, phrase ce na kira ta clause domin ban tsaya neman aikatau ba.

Na sake rubuta wasiƙar. A sakin layi na biyu na sa: Although we have a borehole, many women who live far from it still buy water. We do not know when the pipes will be repaired. Ina jin waɗannan sun zauna. Amma akwai wadda na tsaya a kanta. Ina so in ce masu ruwa ba sa ba da bashi, sai ka biya kafin su ba ka. Na rubuta: Until you pay before they will give you water. Na yi gwajin shiga ɗaki, na faɗe ta da ƙarfi, sai na ji kamar ni ma ina jiran ƙarashe. Ina matsalar take, Baba?

Tsohon Malami, Gangare

Biyun farko sun zauna daram, har da who ɗin ba waƙafi, kuma haka ya kamata.

Ta ukun, kunnenki ya fara aiki da Turanci ke nan. Ƙirga: until you pay dogarau ce, before they will give you water ita ma dogarau ce. Biyu sun jingina da juna, babu tsayayya. "Sai" ce ta jawo. A "sai ka biya kafin su ba ka", wannan "sai" tana nufin dole, ita ce ke riƙe da jimlar. Until ba ta iya wannan aikin. In dolen kike nufi: You must pay before they give you water, kuma ki lura will ta fita bayan before. In lokaci kike nufi, wato "har sai": They will not give you water until you pay. In sharaɗi ne, wato "sai in": They will not give you water unless you pay. Unless tana ɗauke da "ba" ɗinta a ciki, kada ki ƙara mata not.

A wasiƙar koke ni ta ƙarshen zan ɗauka, domin sharaɗin ne yake cutar da mai ƙaramin ƙarfi. Ki gyara, ki kai wa malaminku ya sake dubawa, sannan ki turo mana sakin layi na uku.